Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Garuruwan Yawon Buɗe Ido Kan Hayar Ƙananan Babura

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku ne, ku shugabanni da 'yan majalisun garuruwa da tsibiran da baƙi ke tururuwa zuwa hutu, domin ku ne ke sa hannu a takardar izinin duk shagon da ke ba da hayar ƙaramin babur. Ni ba jami'in kowace hukuma ba ne. Na shafe sama da shekara ashirin ina hawan babur, ina kuma son abina. Amma na taɓa durƙusawa a gefen kwalta, kan ƙanena a cinyata, ina jiran motar asibiti a garin da ba na jin harshen mutanensa, kuma tun daga ranar wannan magana take cina.

Hutu muka je ni da shi wani ƙaramin tsibiri. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ya same mu a can yana samun wasu a wurare barkatai. Ƙanena ya daɗe yana tuƙa mota, mutum ne mai natsuwa a hanya, sai dai bai taɓa riƙe kan babur ba. Da hantsi muka tsaya a wani shago da aka jera babura a ƙofarsa, an wanke su suna sheƙi. Yaron shagon ya karɓi fasfo ya jefa a aljihun tebur a matsayin jingina, ya miƙo takarda mai ƙananan rubutu, ya ɗora yatsa inda za a sa hannu. Ya tambayi ƙanena ko ya iya. Shi kuma ya gyaɗa kai, don ba ya so a ce bai iya ba a gaban yayansa. Darasin da aka ba shi kalma biyu ne: yaron ya murɗa totur ya ce tafi, ya matse birki ya ce tsaya. Hular kwanon da ya ciro daga ƙarƙashin kujera ta yi wa ƙanena yawa, maɗaurin haɓarta kuma ya saki, ba ya kamawa. Na gani da idona. Na ce a raina ai ba nisa za mu yi ba, na yi shiru. Wannan shirun har yau ban yafe wa kaina shi ba.

Ba mu yi minti ashirin a hanya ba muka iso wata gangara mai kwana a ƙarshenta. Ruwan daren jiya ya kwaso yashi ya shimfiɗa a bakin kwanar. Ina bayansa, ina kallon komai. Wata bas ta ɓullo daga ƙasa, ya firgita, ya damƙe birkin gaba da iya ƙarfinsa alhali babur ɗin a karkace yake. Tayar gaba ta sulale. Hular ta fita tun kafin kansa ya kai ƙasa, na gan ta tana gangarawa ita kaɗai tana juyi. Direban bas ya taka birki ya tsaya, tsakaninsa da ƙanena bai fi taku biyu ba.

Allah ya taƙaita. Ya samu karaya a kafaɗa da ɗinki a goshi, fatar hannunsa ta saɓule daga gwiwa zuwa wuyan hannu, salansar babur ɗin kuma ta ƙone masa ƙauri. A ɗan asibitin tsibirin na tsaya ina kallon wata ma'aikaciyar jinya tana tsinto tsakuwa daga naman hannunsa da hantsaki, ɗaya bayan ɗaya, tana jefawa a ƙaramin kwano. Hannunta ko rawa ba ya yi, kana gani ka san aikin yau da gobe ne. A kan bencin waje akwai wasu baƙin da bandeji a wuraren da aka naɗe wa ƙanena nasa, gwiwa da gwiwar hannu da ƙauri. Da muka koma shagon, abin da aka fara tambayarmu shi ne ina babur, kuma fasfo bai fito daga aljihun tebur ba sai da aka biya kuɗin gyara. Kamfanin inshorar tafiya ma ya ƙi biyan kuɗin asibiti, bisa hujjar cewa lasisin ƙanena na mota ne, injin babur ɗin kuwa ya kai girman da dokar ƙasar ke neman lasisin babur. Yaron shago ya riƙe lasisin nan a hannunsa da safe, ya duba, ya mayar.

Ranku ya daɗe, na daɗe ina juya abin a raina, kuma inda na tsaya shi ne hatsarin nan a teburin shago ya fara. Kwanar ta ƙarasa aikin ne kawai.

Ƙaramin babur abu ne mai yaudarar ido. Ba shi da kuloc, ba a canja masa giya, kana murɗawa yana tafiya, shi ya sa wanda bai sani ba yake ɗaukarsa keke mai inji. A dokar Tarayyar Turai, wanda ake kira ƙaramin babur shi ne wanda injinsa bai wuce cc 50 ba (cc shi ne ma'aunin girman inji), gudunsa kuma bai wuce kilomita 45 a awa ba, kuma tun 2013 aka ware masa rukunin lasisi nasa mai suna AM. Kilomita 45 a awa ba ya cika kunne, amma ku lissafa: mita goma sha biyu da rabi ke nan a kowace daƙiƙa, kuma wanda ya daki bango da wannan gudu daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita takwas. To, da yawa daga baburan da ake jerawa a ƙofar shaguna ma sun wuce wannan, masu cc 110 ne zuwa 125, waɗanda ke ninka wancan gudun ko kusa da haka. Tayoyinsu ƙanana ne, ramin da babban babur zai haye ya wuce su yana iya kifar da su. Akwai kuma wani abu da duk mahayi ya sani, baƙo kuma ba wanda ya gaya masa: idan babur ya fizge ka, jikinka yana yin baya, hannunka na dama kuwa yana riƙe da totur, sai ya ƙara murɗa shi ba da saninka ba. Tsoro da kansa ne ke ƙara maka wuta. Haka mutum ke barin ƙofar shago ya afka wa katanga ko mai tafiya a ƙasa tun bai kai titi ba.

Ku haɗa wannan da halin da baƙo ke ciki. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Bai san inda yashi ke taruwa bayan ruwa ba, bai san kwanar da manyan motoci ke cin hannun wani ba, ido ɗaya yana kan teku, ɗaya yana kan taswirar waya. Da gajeren wando da silifa ya fito, don wanka ya nufa. Sau da yawa akwai mutum a bayansa, wanda shi ma bai san yadda ake zama ba, babur na karkata dama shi yana jan jiki hagu. A Tailan da Indonesiya da Bermuda da Malta da Saifurus hannun hagu ake bi, baƙon da ya girma yana bin dama kuwa, ranar da ya firgita, hannunsa inda ya saba zai kai shi, wato gaban motar da ke tahowa. In yamma ta yi kuma ga barasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, waɗanda babu ƙarfe tsakanin jikinsu da kwalta. Binciken da aka tattara kan hular kwano ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Amma wannan lissafi na hular da ta zauna a kai ne, aka ɗaure ta. Wadda na gani tana gangarawa a kwalta ba ta cikinsa.

Na san amsar da ake bayarwa, na ji ta har daga bakin masoyana: baligi ne, shi ya sa hannu, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Ban wanke ƙanena ba, ban wanke kaina ba. Sai dai a teburin nan mutum biyu ne ke tsaye, ɗaya bai san komai ba, ɗayan ya san komai. Mai shago ya san kwanar, ya san babura nawa aka dawo masa da su a bayan a-kori-kura a watan jiya, yana kuma gane wanda bai iya ba tun daga yadda ya ɗaga ƙafa zai hau. Wanda ya sani ya yi shiru ya karɓi kuɗi, ba a ce masa ba ruwansa. Sannan zafin ba bakin baƙo kaɗai yake ƙonawa ba. Akwai tsohuwar da ke tsallaka titi, akwai direban bas da zai kwana yana ganin fuskar wanda ya shigo ƙarƙashin motarsa ba da laifinsa ba. A ƙaramin tsibiri motar asibiti ba ta da yawa, idan ta tafi kwaso ɗan hutu a bayan dutse, ɗan garin da ciwon zuciya ya kama a lokacin sai dai ya jira.

Wannan rigima ta girmi yawancinmu a harkar. A Block Island, wani ɗan tsibiri a jihar Rhode Island ta Amurka da mazaunansa na dindindin ba su kai dubu biyu ba, abin ya kai a 1984 mutanen wurin suka yi barazanar ɓallewa daga jihar, saboda an hana su ikon tsara hayar ƙananan babura a titunansu. A tsibirin Martha's Vineyard na jihar Massachusetts an shafe shekaru ana gwagwarmaya iri ɗaya, har garin Oak Bluffs ya kai kukansa majalisar jiha yana neman izinin hana hayar. A New York, kamfanin Revel ya dakatar da hayar baburansa masu lantarki a Yulin 2020 bayan mutuwar mahaya a 'yan kwanakin da ke kusa da juna, kuma da ya dawo bayan kusan wata guda, sai da ya wajabta wa mai haya yin darasin kiyaye haɗari a waya, da ɗaukar hoton kansa sanye da hula kafin injin ya tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne duk waɗannan matakai ana iya ɗaukarsu tun ranar farko. Sai da aka yi jana'iza aka tuna da su.

Ban zo neman ku rufe kowane shago gobe da safe ba. A Maris na 2023 gwamnan Bali, Wayan Koster, ya sanar da niyyar hana baƙi 'yan ƙasar waje hayar babur gaba ɗaya, kuma na fahimci ɓacin ran da ya kai shi ga haka. A Faris, babban birnin Faransa, an yi ƙuri'a a Afrilun shekarar, kusan kashi 89 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce a kawar da 'yan kekunan lantarki na haya da ake hawa a tsaye, aka kuma kwashe su daga farkon Satumba. Amma Faris tana da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas a kowane lungu. Garin da ba shi da wannan, in ya hana haya kwatsam, kasuwar za ta koma bayan otal da cikin waya, inda babu lamba, babu rajista, babu wanda za a kama. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Abin da nake roƙo shi ne ku sa iyaka ga adadi, kuma a nan nake so ku ɗan tsaya tare da ni, domin a ganina sauran dokokin duk a kan wannan suke tsaye. Ku ɗauki titi ɗaya mai shago goma, babu iyaka ga yawan baburan kowa. A cikinsu akwai mutumin kirki da ya ce ba zai ba da makulli ba sai ya ga lasisin babur. Baƙo zai yi masa godiya, ya taka taku goma, ya karɓa a shagon maƙwabci. Kafin ƙarshen wata mutumin kirkin nan ko dai ya sassauta ko ya rufe. Babur ɗin da ya wuni a ƙofar shago asara ne, kuma idan babura sun fi masu iya hawansu yawa, dole a cike gurbin da waɗanda ba su iya ba. Wa'azi ba ya gyara wannan, allon gargaɗi a bakin hanya ma haka. Amma ranar da kuka ce garin nan babura kaza kawai zai ɗauka, kowane shago kuma kaza, lissafin ya juya. Mai shago yana iya zaɓen wanda zai ba, don ya san wani na tafe. Takardar izini kuma ta zama dukiya mai daraja, wadda ba zai yarda a ƙwace masa ita saboda cinikin yini ɗaya ba. A lokacin ne kalmar janye lasisi za ta fara ba da tsoro.

Adadin kuma kada a tsinto shi daga iska, ko daga bakin wanda ya fi kowa ƙarfi a zauren taro. Ku duba faɗin titunanku, ku duba gadajen asibitinku da yawan motocin ɗaukar marasa lafiya, ku duba nisan da ke tsakaninku da asibitin da ke iya buɗe kan mutum ya tsayar da jini. Garin da sai an jira jirgin ruwa ko jirgi mai saukar ungulu kafin a kai ga likitan ƙwaƙwalwa bai kamata ya zuba ɗaruruwan sababbin mahaya a titi kowace safiya ba.

Bayan adadi sai makulli. Kada ya fita sai ga mai lasisin abin hawa mai ƙafa biyu. Na san a ƙasashe da dama lasisin mota ya isa a hau mai cc 50, kuma ba ku ke rubuta dokar ƙasa ba, amma sharuɗɗan izinin kasuwanci a hannunku suke. Lasisin mota shaida ne cewa mutum ya san alamun hanya, bai ce komai ba a kan ko zai iya riƙe babur a kan yashi. Inda doka ta ɗaure muku hannu, ku wajabta gwaji a fili, nesa da titi: mutum ya zagaya tsakanin alamomi a hankali, ya yi kwana hagu da dama, ya tsaya tsayuwar gaggawa da birki biyu. Minti goma ya isa. Da an sa ƙanena ya yi wannan, da a zagayen farko kowa ya gane, har da shi kansa, kuma da ya sauka ba tare da jin kunya ba, don doka ce ta sauke shi. Wanda ya ci gwajin da ƙyar kada a bar shi ya ɗauki mutum a baya. Haya ta tsaya kafin duhu. Hula ta kasance mai hatimin inganci irin na ƙa'idar ECE 22 da ake gwada hular kwano da ita a Turai, girma daban-daban, a gwada wa mutum ita a ɗaure a gaban mai shago. Kada wani ya ce mutane ba za su bi ba. Biyetnam ta wajabta hular kwano a dukan hanyoyinta a Disamban 2007, kuma cikin ɗan lokaci kaɗan titunan da a da ba ka ganin hula suka cika da ita, don an ga da gaske hukuma take.

Riƙe fasfo a matsayin jingina kuwa ku hana shi kai tsaye. Yana sa wanda ya ji rauni ya biya duk abin da aka yanka masa ya yi shiru ya hau jirgi, hatsarin kuma ba zai taɓa shiga littafinku ba. Wannan ne ya sa nake zargin alƙaluman da ke gabanku sun gaza abin da ke faruwa. Baƙo yana tafiya da rauninsa gida, likitan ƙasarsu ne zai ga ƙarshen labarin. Ku sa kowane babur na haya ya ɗauki lamba babba da ake gani daga nesa, asibiti da 'yan sanda su riƙa rubuta ta, a ƙarshen kowane lokacin baƙi ku ga shagon da sunansa ya fi fitowa.

Ban manta da masu shagunan ba. Mutane ne masu iyali, wasu bashi suka ci suka sayi baburan, kuma abin da suka samu a 'yan watannin baƙi shi za su ci har shekara ta zagayo. Ba a cire wando ta ka. A rage a hankali, a ba da wa'adi, izinin da ya ƙare ko aka janye kada a sake ba wani, kuma waɗanda aka rage wa babura su ne za a fara ba damar abin da zai maye gurbi. Bermuda ta shafe shekaru da dama ba ta barin baƙo ya yi hayar mota, abin da ya tura ɗimbin baƙi kan babur ko sun iya ko ba su iya ba, sai a 2017 aka fara ba da hayar 'yan ƙananan motocin lantarki masu kujera biyu. Ƙafa huɗu ne, akwai bel, ba sa kifewa don an damƙe birki. Baƙo bai ƙetaro teku don son babur ba, so yake ya kai bakin ruwa ya dawo. In akwai bas mai zuwa a kan lokaci, ko ƙaramar mota, ko keke a hanyar da aka keɓe masa, da yawa ba za su ko kalli makullin ba.

Ƙanena ya warke, sai dai har yau hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, in zai sauko da abu daga kan kanta sai ya juya ya sa hagu. Ba ya son a tayar da zancen, ni ne na kasa barinsa.

Ranku ya daɗe, kafin lokacin baƙi na gaba ya kama, ina roƙon ku sa maganar adadi a zamanku na farko. Za ku ji daga masu shaguna da masu otal, kuma haƙƙinsu ne a saurare su. Amma ku aika a kira ma'aikatan jinya na ɗakin gaggawa da direbobin motar asibiti, ku ba su kujerar gaba, su fara magana. Ku shimfiɗa musu taswirar garin a kan tebur, ku miƙa musu alƙalami, ku ce su zagaye kwanonin da suka fi zuwa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mahayin babur, yayan wanda ya faɗi